Sauya Suwic Ɗin Mai: Wanne Za Ka Saya, Kuma Wane Tiredi Ne Ya Dace da Injinka?

Duk direban da ya taɓa ganin 'yar jar fitilar nan mai siffar buta ta kama a gaban sitiyari, alhali yana tsakanin Gaya da Wudil ranar Juma'a da buhunan gero a bayan mota, ya san yadda gaban mutum yake faɗuwa. Abin da ke kunna fitilar wani ɗan ƙarfe ne da bai wuce babban yatsa ba, wanda aka murɗa a jikin inji kusa da filtar mai, kuma kanikawa suna kiransa suwic ɗin mai. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta shi da sauran kayan inji, amma sayen wanda bai dace ba yana iya jawo asarar da ta ninka kuɗinsa sau da yawa, domin ramin da ake murɗa shi a ciki yana buɗewa ne kai tsaye cikin hanyar da baƙin mai yake bi zuwa karanshaf. Mai motar da yake ƙauye, wanda kafin ya kai shagon kayan mota mai kaya iri-iri sai ya yi tafiyar awa ɗaya ko biyu, yana buƙatar ya yi zaɓin daidai tun a karon farko.

Kafin a yi maganar saye, sai a tabbatar cewa suwic ɗin ne ya lalace, domin aikinsa ba da labari ne kawai, kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa. Idan fitilar tana ƙyaftawa a silo bayan inji ya ɗauki zafi, musamman a watan Afrilu lokacin da zafin yankin Haɗeja yake haura digiri 40, sannan ta ɗauke da zarar an taka totur, to akwai yiwuwar matsin man ne ya yi ƙasa da gaske, ko dai saboda metal, wato ƙarfen da karanshaf yake juyawa a kansa, ya cinye, ko ragar da ke tsotso mai daga ƙasan inji ta toshe da dauɗa, ko kuma famfon man ya gaji. Hanyar rarrabewa ɗaya ce, wato a kwance suwic ɗin a ɗaura gejin gwaji mai tiyo a gurbinsa, a tayar da inji har ya yi zafi, a karanta. A yawancin tsofaffin injinan fetur na Toyota, littafin kamfani yana neman aƙalla ba 0.3 a silo (ba, wato bar, shi ne ma'aunin matsi), da kuma tsakanin 2.5 da 5 idan inji yana juyi 3,000 a minti. Idan geji ya nuna ƙasa da haka, sabon suwic ba zai gyara komai ba, kuma cire wayar fitila don ta daina damun direba, kamar yadda wasu suke yi a tasha, shi ne gajeren hanyar da inji yake bi ya buga. Idan kuwa matsin yana nan lafiya, ko kuma mai yana tsattsafowa ta wajen da roba ta haɗu da ƙarfe a jikin suwic ɗin har yana jiƙa waya, to lokacin sauya shi ya yi.

Abu na gaba shi ne sanin wane iri ne a motar, saboda abubuwa uku ne daban-daban ake kira da suna ɗaya a kasuwa. Na farko shi ne suwic na gaskiya, mai waya ɗaya, wanda bai san komai ba sai haɗawa da rabawa: idan babu matsi yana haɗa wayar fitila da jikin inji sai fitila ta kama, idan matsi ya haura wani ɗan ƙaramin mizani, yawanci tsakanin ba 0.2 da 0.5, sai ya raba su fitila ta mutu. Na biyu shi ne wanda yake aika wa allurar geji saƙo, kuma ana gane shi da girmansa, domin yana kama da ƙaramin gwangwanin tumatir, a cikinsa kuma akwai wata siririyar waya da turjiyarta ga lantarki take sauyawa gwargwadon matsin mai. Shi ne ake gani a manyan motoci, da taraktoci, da manyan janaretoci, da wasu motocin shiga daji, kuma masu wayarin suna kiransa sensa. Na uku yana da waya uku, yana karɓar lantarki mai ƙarfin bolt 5 daga kwamfutar mota ya mayar mata da saƙo, kuma a kansa babu wani dogon zance, domin da lambar da ke jikinsa kaɗai ake sayensa. Ƙananan injinan ban-ruwa da ƙananan janaretocin fetur ba sa cikin wannan lissafi, tun da abin da ke kashe su idan mai ya yi ƙasa yana auna yawan man ne, ba matsinsa ba.

Idan an san irin, sai a zo ga tiredi, wato haƙoran da ake murɗawa, kuma a nan ne mafi yawan ɓarnar take faruwa. Iri uku ne suka fi yawa a ramin suwic, kuma dukkansu kaurinsu yana kusa da milimita 10, shi ya sa ido yake ganinsu kamar tagwaye. Akwai na Ingila, wanda ake rubutawa BSPT ko R1/8, Japanawa kuma suna rubuta shi PT1/8. Yana da haƙori 28 a kowane inci, kaurinsa milimita 9.73, kuma kusurwar haƙorinsa digiri 55 ce, bisa tsarin da Joseph Whitworth ya fito da shi a 1841. Shi ne aka fi samu a injinan Toyota, da Nissan, da Honda, da Mitsubishi, da Mazda, wato da yawa daga cikin motocin da ke jigilar mutane da kaya a ƙauyukan Kano da Jigawa. Akwai na Amurka, NPT, mai haƙori 27 a inci, wanda kaurinsa ya ɗan haura milimita 10.2, kusurwarsa kuma digiri 60 ce, irin wadda William Sellers ya gabatar a 1864. Sai kuma na awon mita, M10x1, wanda tazarar haƙoransa milimita ɗaya ce cif, kuma shi ne a injinan Volkswagen irin su Golf da ake lodi da su zuwa Maigatari ranar Alhamis. Wasu injinan Turai suna amfani da mafi kauri, kamar M12x1.5 da aka sani a Mercedes, ko M14 da M16, amma waɗannan ba su cika ruɗa mutum ba tun da bambancin girmansu a bayyane yake. Lambar 1/8 da ake gani a kwali ba kaurin haƙoran ba ce, tsohon sunan bututun da aka ƙirƙiri tiredin dominsa ne, don haka kwali biyu suna iya ɗauke da 1/8 alhali abin da ke cikinsu ba zai shiga rami ɗaya ba.

Bambancin haƙori 27 da 28 yana da kamar abin dariya, amma idan aka mayar da shi milimita sai a ga inda matsalar take. Tazarar haƙorin NPT milimita 0.94 ce, ta BSPT kuma 0.91, saboda haka a zagaye na farko da na biyu haƙoran suna shiga juna kamar an yi su tare, a kowane zagaye kuma saɓanin yana ƙaruwa har haƙori ya fara hawa kan haƙori. Ga kuma batun tsukewa: NPT da BSPT duka suna da siririn baki da kaurin gindi, kaurin yana ƙaruwa da milimita ɗaya a kowane milimita 16 na tsawo, kuma wannan tsukewar ce take toshe mai idan an ɗaure, kamar yadda ƙota take riƙe ruwan gatarin da aka buga mata. Idan aka sa na Amurka a ramin Japan, bakinsa siriri zai kama, ya yi zagaye ɗaya ko biyu da hannu, sannan ya cije. Wanda bai sani ba zai ɗauka cewa tsukewar ce ta fara aiki, sai ya kawo sifana, kuma daga nan ƙarfen ya zama tsinken da ke buɗa ramin ta ƙarfi. Idan ramin a jikin baƙin ƙarfen inji yake, haƙoran ne za su lalace. Idan kuwa a alminiyam yake, kamar mazaunin filta ko murfin famfon mai, tsagewa yake yi. Idan aka juya lamarin, aka sa na Japan a ramin Amurka, sai ya shige sakwaf har gindi ba tare da ya kama sosai ba, ya riƙa yoyo, kuma wata rana girgizar hanya tana iya kwance shi mai ya tsiyaye cikin 'yan mintuna.

Wannan darasi da kuɗina na saye shi. Shekarun baya, suwic ɗin tsohuwar motata ƙirar Japan ya fara jiƙewa, na tsaya a wani shago ranar kasuwa ba tare da na kwance tsohon na riƙe ba. Mai shagon ya zaro ɗaya daga kwali ya ce, "Alhaji, ai duk ɗaya ne, kai dai a ɗaura maka." Da na kai gareji maigidan ba ya nan, sai yaronsa ya karɓa, ya murɗa da yatsu ya yi zagaye biyu ya tsaya, ya ɗauko sifana ya sa ƙarfi har sai da na ji wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen kara, amma ba mu kula ba, tun da fitila ta mutu da aka tayar da inji. Bayan kwana uku na buɗe bonet na ga jar ƙura ta manne a gefen filta ta yi baƙi, faɗin tafin hannu. Tsohon bakaniken ya goge wajen da tsumma da ɗan fetur, ya sa a tayar, ya haska da fitilar wayarsa, sai ga mai yana fitowa ta wani layi siriri kamar gashi da ya taso daga bakin ramin. Ya kwance sabon, ya laluba cikin gwangwanin tarkacensa ya ciro tsohon nawa, ya haɗa haƙoransu kai da ƙafa ya ɗaga sama saitin rana ya ce, "Malam, duba nan. Ka ga haske yana wucewa? Da 'yan uwa ne da ba za ka ga komai ba." Ƙarshenta sai da na je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano na nemo mazaunin filta gaba ɗaya, motar kuma ta yi kwana huɗu a ajiye a lokacin da ake kwasar tumatir a Kadawa.

Gwajin da tsohon ya yi shi ne mafi sauƙi, kuma ba ya buƙatar kayan aiki: a jera tsohon da sabon, haƙori cikin haƙori, a duba ta haske, idan tazararsu ɗaya ce za su zauna daram daga farko har ƙarshe, idan ba ɗaya ba ce za a ga suna lilo, gefe ɗaya ya zauna ɗayan ya ɗaga. Wanda yake da ma'aunin baniya, wato ma'aunin ƙarfe mai baki biyu da ke auna milimita, yana iya auna tsawon tazara goma idan haƙoran sun kai, inda BSPT zai ba da kusan milimita 9.1, NPT 9.4, na mita kuma 10 daidai, idan kuma ba su kai goma ba sai a auna biyar a ninka. Akwai kuma wata dabara ga wanda yake ƙauye: filogin ƙaramin babur mai kaurin milimita 10, da notin bututun birki na yawancin motocin Japan da Turai, duka M10x1 ne, don haka idan suwic ya zauna daidai da haƙoransu, na mita ne. Kada dai a gwada da ƙusar inji ta yau da kullum mai milimita 10, saboda tazararta 1.25 ce ko 1.5, ba za ta nuna komai ba. Siffar gindin ma tana ba da labari, domin wanda yake da faffaɗar kafaɗa da washar jan ƙarfe ko ta alminiyam miƙaƙƙe ne, washar ce take toshe mai, wanda kuwa ba shi da washa kuma bakinsa ya fi gindinsa siranta, mai tsukewa ne. Sharaɗin dukkan waɗannan gwaje-gwaje shi ne a tabbata tsohon da aka cire shi ne na asali, domin a motar da ta ratsa hannaye da yawa, mai yiwuwa ne wani ya riga ya cusa wanda bai dace ba, kuma ana gane hakan da haƙoran da suka kwanta ko suka yi ƙyalli a wuri ɗaya.

Idan an san tiredin, zaɓi ya rage tsakanin sabo na kamfanin motar ko na wani sanannen kamfanin kayan lantarkin mota, da na Beljiyam da aka ciro daga inji irin naka, da kuma sabo mai araha wanda ba a san mahaifarsa ba. Na farkon shi ne mafi kwanciyar hankali, domin tiredinsa da mizaninsa duka an yi su ne don wannan injin, sau da yawa kuma yana zuwa da busasshen gam a haƙoransa, wanda ba ya buƙatar ƙarin komai. Matsalarsa biyu ce: sai an shiga birni, kuma jabu ya yi yawa har kwalin ma ana kwaikwayonsa, saboda haka sai a duba ko an buga lamba da mizanin matsi a jikin ƙarfen, a kuma duba tsaftar yankan haƙoran, tun da na jabu yakan zo da kaushi da ɓurɓushi.

Na Beljiyam kuwa, a ganina, an raina shi fiye da kima. Idan a gabanka aka kwance shi daga inji mai lamba irin ta naka, to batun tiredi ya ƙare, batun mizani ma ya ƙare, abin da ya rage kawai shi ne shekarun robar da ke cikinsa, wadda zafi yake busar da ita a hankali. Ana iya rage wannan haɗari da dubawa: a ga ko wajen waya a bushe yake babu alamar tsohon mai, a sa mitar mai wayarin tsakanin bakin waya da jikin ƙarfen a ga yana haɗawa, sannan a hura masa iska da famfon taya a ga ya raba. Ga mai motar Japan da ke nesa da birni, wanda ya rasa sabo na ƙwarai, na fi son ya ɗaura na Beljiyam da ya dace da ya ɗaura sabo fil wanda ake ce masa yana shiga kowace mota. Wanda ake cewa yana shiga kowace mota shi ne ya fi cutarwa, ba don lallai zai mutu da wuri ba, sai don babu wanda zai gaya maka tiredinsa ko matsin da yake aiki a kai, kuma suwic ɗin da ba ya kunna fitila sai matsi ya kusa kai sifili yana ba da labari ne bayan an gama ɓarna. Idan dole ta sa aka saye shi don a isa gida, to a gwada haƙoransa da tsohon a gaban mai shago, a kuma ɗauke shi a matsayin na wucin gadi.

Masu Golf suna da ƙarin abin lura, domin a tsofaffin samfuran da yawa suwic biyu ne, duka M10x1, kuma kowannensu yana shiga ramin ɗan uwansa lafiya lau alhali aikinsu ya saɓa. Ɗaya na ƙaramin matsi ne, wajen ba 0.3, yana haɗe idan inji a kashe yake. Ɗayan na babban matsi ne, 1.4 ko 1.8 gwargwadon injin, a rabe yake sai matsi ya hau sannan ya haɗa, kuma shi ne yake sa ƙararrawa ta yi kuka idan inji ya haura juyi 2,000 matsin bai kai ba. Kamfanin ya bambanta su da launin roba, mai 1.8 fari ne, mai 1.4 baƙi, amma tun da masu kwaikwayo ba su damu da launi ba, lambar da aka buga a jikin ƙarfen ita ce abin dogaro. Direbobi da dama da ƙararrawar ta ishe su sun sa an yanke ta, alhali abin da ya faru kawai shi ne an musanya wayoyin biyu ko an ɗaura mai mizanin da ba nasa ba. Irin wannan saɓani na mai haɗawa da mai rabawa yana faruwa a janaretocin dizal ma, inda za a ga inji ya tashi ya yi 'yan daƙiƙoƙi ya mutu bayan an sauya suwic.

Ga mai allurar geji, dacewar tiredi rabin aiki ce, domin dole sensa da geji su kasance masu yare ɗaya. Tsarin Turai, irin na VDO, yana tashi daga om 10 (om shi ne ma'aunin turjiya ga lantarki) idan babu matsi zuwa wajen 180 idan matsi ya cika, na Amurka kuma yana saukowa ne daga 240 zuwa 33, don haka idan aka haɗa sensar wannan da gejin wancan, allura za ta riƙa tafiya a juye, ta hau idan an kashe inji ta sauko idan an ba shi wuta. Ko a cikin tsari ɗaya ma akwai mai iyakar ba 5 da mai iyakar ba 10, kuma idan aka sa sensar 5 a gejin 10, matsin 2.5 zai bayyana a matsayin 5, wato injin da ya gaji zai riƙa nuna lafiyar da ba shi da ita, wanda ya fi rashin gejin muni. Wasu suna da baki biyu, ɗaya an rubuta G na geji, ɗayan WK na fitila, kuma musanya su yana sa allura ta tsaya a ƙarshe ɗaya, fitila kuma ta riƙa ci dishi-dishi. A tarakta ko babbar mota da gejinta na asali ya riga ya mutu, ya fi sauƙi a sayi geji da sensarsa tare a kwali ɗaya, maimakon a yi ta neman wadda za ta dace da tsohon.

Sai dai a nan ne tarkon tiredi yake sake buɗewa, saboda mafi yawan gejin da ake sayarwa daban don ƙarawa a mota suna zuwa ne da sensa mai NPT, alhali ramin injin Japan BSPT ne. Maganin shi ne adafta ta tagulla, mai namijin BSPT da macen NPT, ko mai baki uku idan ana son a bar suwic ɗin fitila a ƙara geji a gefensa, kuma barin fitilar shi ne daidai, tun da direban da ke kallon ramukan hanya ya fi saurin ganin jan haske a kan motsin allura. Aibin adafta shi ne tsawo da nauyi. Sensa mai nauyi da aka ɗora a ƙarshen tagulla mai tsawon yatsa tana lilo da kowace girgiza, injin dizal kuma ga shi da karkarwa, hanyar burji ga ta da gargada, tagulla kuwa ba ta lanƙwasa sau da yawa kafin ta karye, kuma a daidai bakin rami take karyewa, ta bar guntunta a ciki mai yana feshi. Wanda motarsa take bin hanyoyin gona da damina ya kamata ya sa gajeren tiyo mai jure matsi da zafi daga ramin inji, ya ɗaure sensar a jikin bodi da maɗauri, sannan ya ja mata wayar as, wato wadda za ta haɗa jikinta da ƙarfen inji, domin tiyon roba ba ya ɗaukar lantarki. Idan ba za a iya yin haka ba, gara a haƙura da gejin a zauna da suwic mai kyau.

Zaɓi na ƙarshe, wanda ba a kai gare shi sai haƙoran ramin sun riga sun lalace, shi ne sake yanka tiredin. Tun da NPT ya ɗan fi BSPT kauri, ana iya bin ramin Japan da ƙarfen yanka tiredi na NPT a samu haƙoran da za su riƙe, amma ba a iya komawa baya. Idan ramin yana jikin abin da ake iya kwancewa, kamar mazaunin filta, to a kwance shi a kai wa masu injin feƙe ƙarfe, a wanke shi tas kafin a mayar, domin ɓurɓushi ɗaya da ya bi hanyar mai yana iya karce metal. Idan a jikin inji ne, sai a cika ramukan ƙarfen yankan da giris don ya riƙe ɓurɓushin, a shiga kaɗan a fito a goge, kada kuma a zurfafa, saboda a rami mai tsukewa kowane ƙarin zagaye faɗaɗa shi yake yi. Bayan an gama sai a rubuta NPT da fenti a kusa da wajen, don kada wanda zai sayi motar nan gaba ya kawo na Japan ya ga yana shigewa sakwaf. Alminiyam da ya tsage kuwa, sauya shi ya fi walda ko gam, tun da tsagar tana ci gaba da tafiya duk lokacin da aka ɗaure.

Wajen ɗaurawa, a bar inji ya huce, a wanke ƙurar da ke kewaye da ramin kafin a kwance tsohon, a kuma yi amfani da doguwar soket, yawanci mai lamba 24 ko 27, a kama ta wajen kusurwoyin ƙarfen, ba a damƙi gwangwanin da filaya ba. Wanda ya dace zai shiga da yatsu zagaye uku ko huɗu cikin laushi kafin ya fara nauyi, sannan sifana ta ƙara zagaye ɗaya ko biyu, ƙarfin ɗaurin kuma ɗan kaɗan ne, wajen niyuton-mita 15 a injinan Toyota da yawa, wanda bai kai na filogi ba. Farin tef ɗin masu gyaran famfo, wanda ake yawan naɗawa, yana da illa biyu a nan, domin suwic mai waya ɗaya ta haƙoransa yake samun as, tef mai kauri kuma yana iya raba shi da jikin inji har fitila ta ƙi kamawa gaba ɗaya, sannan guntun da ya yage yana iya shiga hanyar mai. Gam na ruwa da aka yi don tiredi ya fi, a shafa kaɗan a haƙori biyu ko uku, a bar na bakin a bushe, a kuma ba shi kamar awa ɗaya kafin a tayar da inji. Miƙaƙƙen tiredi mai washa ba ya buƙatar gam ko tef, sabuwar washa kawai yake so.

Da an gama, a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a tabbata fitila ta kama, domin fitilar da ba ta kama a wannan lokaci ba za ta kama ranar da ake buƙatarta ba. A tayar, a ga ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku, a bar inji ya yi zafi, a goge kewayen suwic ɗin ya bushe ƙayau. Bayan tafiyar farko a kan hanyar ƙasa sai a sake buɗe bonet a duba wajen: idan ƙurar da ta sauka a kansa ja ce busasshiya, ɗaurin ya yi, idan kuwa ta yi duhu ta manne a gindin haƙoran, a sake kwancewa a gwada shi da tsohon ta haske kafin a ƙara masa ko da rabin zagaye.